Hamra da Takin da Na Zubar

Kwana tara muka yi muna tafiya a ƙasar Cadi, ban taɓa kwana a wurin da ba a miƙo mini hannu ba. Duk inda muka sauka akwai mai wurin. Bakin rijiya da mai shi, gindin tsamiya da mai shi. Har wani fili fetal da ko akuya ba za ta tsaya a cikinsa ba, muna sauke kaya sai ga wani dattijo a kan jaki, wai filin kakansa ne. Ni kuwa ɗan abin da ke lalitata shi ne guzurina har iyakar Najeriya, kullum kuma sai an gutsure shi.

Sunana Jidda, amma a ayarin babu wanda ya taɓa kirana da shi. Yerwa suke ce mini, wato Maiduguri, don ni kaɗai ne ɗan birni a cikinsu. Mu bakwai ne masu korar shanu a ƙasa, madugunmu wani dogon mutum mai suna Hamit, wanda ba ya magana sai ya sha shayi. A cikin garken duka, tara ne nawa: bijimai takwas da na saya don in sayar a gida, sai wata karsana ja mai suna Hamra. Saboda ita na yi tafiyar.

Kakana makiyayi ne. Shekarar da fari ya cinye masa garke sai ya tattara iyalinsa ya shigo Maiduguri, ya zauna a unguwar Fezzan, ya koma dillancin dabbobi. Saniya ɗaya ja ta rage masa, sunanta Hamra, ya bar ta a hannun ɗan'uwansa can gabas da Njamena, don ba ta da wurin tsayuwa a birni. Tun daga nan duk 'yar fari ja da aka samu a zuriyarta sunan take ɗauka. Mahaifina, da muke kira Abba, yana ɗan shekara goma sha biyu a lokacin, kuma shi ne mai kiwonta. Ya yi shekara hamsin yana sayar da shanun mutane a kasuwa, babu wadda ta taɓa kwana uku a hannunsa. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, bakinsa ya karkace, maganarsa ta zama sai an kasa kunne. Wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya, ya yi ta fama har na gane abin da yake faɗa.

"Hamra," ya ce. "Ka kawo."

Likita ya riga ya ja ni gefe ya ce kada mu sa dogon rai. Don haka da Ammi Bishara, ɗan baffan Abba, ya miƙa mini igiyar karsanar a rugarsa, na san kowace rana da zan yi a hanya daga kwanakin Abba nake cire ta. Kuɗin tirela daga can ya fi ƙarfina. Ammi ya sa ni a ayarin Hamit, waɗanda ke kora a ƙasa su ratsa Kamaru har iyaka, inda ake loda shanu a mota.

Kaɗaici a cikin mutane ya fi na daji ciwo, a wannan tafiyar na sani. Larabcina na cikin gida ne, na gaisuwa da na faɗan Hajja mahaifiyata. Da Hausa da Kanuri na girma. Idan an sauka da yamma an zauna shan shayi, sai su yi ta hira da Larabci da sauri, ni kuwa in yi dariya idan sun yi, in yi shiru idan sun yi. Girman kai ya hana ni cewa ban ji ba. Abin da ya rage mini na gida shi ne bargon da matata Falmata, 'yar unguwar Limanti, ta turara mini kafin in taso. Nakan cusa hancina a cikinsa, kullum ƙamshin yana raguwa, warin hayaƙi yana ƙaruwa.

Ita ma Hamra ba ta ɗauke ni a bakin komai ba. Ammi Bishara yana da wani kira da yake yi mata, daga maƙogwaro yake fitowa, ya ja shi sannan ya sauke sunanta a ƙarshe. Ko tana can nesa sai ta ɗago ta taho. Ya ce kiran gidanmu ne, tun na kakanni. Na gwada a hanya har muryata ta dushe. Ko kunne ba ta taɓa motsawa ba, sai dai in je in ja ta da igiya, 'yan ayari suna mini dariya.

Rana ta goma muka isa wani ƙauye a kan jigawa, an gama yankan gero, kara yana tsaye a gonaki. Tun daga nesa na ga maza sun fito sun tare mu, na ce a raina yau kuma masu wurin da yawa suke. Sai na ga abin mamaki. Jan hannun rigar Hamit suke yi, kowa yana nuna gonarsa, har biyu suka kusa dambe. Hamit ya raba garken, kowane manomi ya ɗauki rabonsa. Ni aka haɗa ni da wani gajeren mutum mai suna Jibrin.

Jibrin ya kai ni tsakiyar gonarsa, inda ƙasa ta yi fari, ya taya ni kafa turaku. Ya kawo ruwa a daro ya shayar da shanuna. Kafin magariba matarsa ta kawo tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, da zafinsa. Na ciro kuɗi na miƙa masa, ya ture hannuna yana dariya. Na ƙara, ya ƙara turewa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kwana tara ana tatsata, yau ga talaka ya ba ni wuri, ya ba ni ruwa, ya ba ni tuwo, ya ƙi karɓar ko sisi.

Da na yi sallar asuba sai na dubi inda shanuna suka kwana, kunya ta kama ni. Sun ci kara sun ƙoshi, sun ɓata wa mutumin kirki gona kaca-kaca da kashi. A gidanmu na Fezzan tsakar gida siminti ne, kuma Hajja ba ta haɗa tsabta da komai ba. Ragon layya guda ɗaya ma, sau uku ake share ƙarƙashinsa a rana. Tun muna yara ta koya mana cewa idan ka kwana a gidan mutane, ka bar wurin fiye da yadda ka same shi. Na ce to, abin da zan iya saka wa Jibrin da shi ke nan.

Na ɗauki daron da ya shayar da shanu, na shiga kwasa. Akwai wani kududdufi mai koren ruwa a bayan gonar, can nake kaiwa in juye. Da na gama da na shanuna sai na ga akwai busasshe warwatse ko'ina, na wasu shanun da suka riga mu. Na ce waɗannan ba su da tarbiyya, na haɗa har da nasu. Tun asuba nake yi har hantsi ya ɗaga, bayana kamar zai tsinke. Na karyo reshe na share wurin tas. Na tsaya ina kallon aikina, ina jin daɗin kaina, sai ga Jibrin ya taho da ƙwaryar kunu.

Ya tsaya cik. Ya dubi gonar, ya dubi daron, ya bi sawuna da ido har kududdufi. Ya ajiye ƙwaryar a hankali, sannan ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

Kafin in gane me ke faruwa ƙauyen ya taru. Hamit ya ratso mutane ya zo gabana, karo na farko da na ga ya yi sauri.

"Yerwa, me ka yi?" ya tambaye ni da 'yar Hausarsa.

"Gyara na yi, madugu. Shanuna sun ɓata masa wuri."

"Ɓata?" Ya riƙe gemunsa. "La ilaha illallah. Tuwo da ka ci jiya, da me ka biya? Ruwa da me? Wuri da me?"

"Ai ya ƙi karɓar kuɗi."

"Kuɗi yana bayan saniya, Yerwa! Shi ne ka kwashe ka zuba a ruwa. Naka, da na ayari biyu da suka wuce. Geron baɗi ka zubar masa."

A nan na gane. Jikan makiyayi, ɗan dillalin shanu, shekarata talatin da huɗu, ban san cewa manomi taki yake saye da tuwonsa ba. Babu wanda ya gaya mini, don a wurinsu ko jariri ya sani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Aka kai mu gaban bulama, wato mai garin, a gindin wata bishiya. Magana ta fi ta taki nauyi. Wasu suka ce babu mai hankalin da zai ci tuwon mutum ya kwashe masa albarkar gona sai mai sammu, an turo ni ne in kashe ƙasar. Hamit ya yi ta rantsuwa cewa ba mugunta ba ce, wauta ce tsagwaronta ta 'yan birni. Wannan ce kariyar da na samu, kuma na gode masa. Bulama ya yanke hukunci, Hamit ya fassara mini: ko in bar jar karsanar nan wa Jibrin in bi ayari yau, ko in zauna da shanuna kwana bakwai a gonar in mayar da abin da na kwashe.

Hamit ya ja ni gefe.

"Ayari ba ya jira, ka sani. Kai kaɗai a hanya, ba baki, ba ɗan'uwa. Bar ta. Ja ce kawai. A kasuwar iyaka jajaye sun fi ɗari, ka sayi wata. Tsoho yana kwance, ina zai gane?"

Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin haka. Kwana bakwai a kan mutumin da likita ya ce kada a sa rai. In tafi yau da wata jar saniya in same shi da rai, ko in tsaya da ta gaskiya in tarar an yi bakwai. Na juya ina kallon Hamra, tana tuƙa abinta, ba ruwanta da ni. Sai na tuna idon Abba a kasuwa. Mutumin da ke duban saniya daga nesa ya faɗi rugar da ta fito, ciwo ya kama masa baki da ƙafa, bai kama masa ido ba. Zai gane, kuma ba zai iya ko yi mini faɗa ba, sai dai ya kawar da kai.

"Zan zauna," na ce.

Hamit ya kwance ƙullin kayansa ya ba ni ganyen shayi da sukari, ya zana mini hanya a ƙasa da sandarsa har zuwa gadar da ake ƙetarewa. Da azahar suka tashi. Na tsaya a gonar ina jin kukan shanunsu yana nisa, nawa suna amsawa suna fizgar turaku, har aka daina jin komai.

Kwana biyun farko babu wanda ya ce mini ci kanka. Garin kwaki da sukari na yi ta jiƙawa. Jibrin yakan zo da la'asar fuska a murtuke, ya tumɓuke turakun ya matsar da su gaba kaɗan, inda shanu ba su kwana ba, ya nuna mini da yatsa, ya tafi. A haka na koyi aikin, ba da kalma ko ɗaya ba: kullum a matsa, don kowane taƙi na gonar ya samu rabonsa. Rana ta uku na ga akushi a bakin gona, an rufe da faifai, ba kowa a kusa. Na ci ina hawaye, ban san ko na godiya ba ne ko na takaici.

Akwai wani suri a ƙarshen gonar, idan na hau kansa wayata takan kama. Daga nan nake kiran Falmata.

"Kuna ina yanzu?" ta tambaya.

"Mun kusa."

"Haka ka ce shekaranjiya. Baban Amina, ka gaya mini gaskiya. Abba ya daina karɓar kunu sai cokali biyu. Kullum da safe sai ya sa an juya shi ya fuskanci ƙofa, haka zai wuni."

Na kasa gaya mata cewa mijinta yana tsare a wata gona yana jiran shanu su yi kashi. Na ce ta gaishe da Hajja, na kashe wayar don kada caji ya ƙare, na zauna a kan surin har rana ta faɗi.

Ranar da kwana bakwai suka cika, gonar ta yi baƙi daga wannan gefe zuwa wancan. Jibrin ya zagaya ta hannuwa a baya, ya dawo ya taya ni kwance igiyoyi. Ya raka ni har bakin hanya, ya danƙa mini ƙullin busasshiyar kuɓewa, ya faɗi wata doguwar magana. Abin da na tsinta a ciki shi ne "baɗi" da "daro". Ya fashe da dariya, ni ma na yi, wannan karon don na ji.

Babu abin da ya kai bin bayan ayari wahala. Duk gonar da ke bakin hanya an riga an kwana a cikinta, an cinye karan, masu ita sun samu takinsu, ba su da buƙatar shanu tara da baƙon da ba ya jin magana. Ga labarina ya riga ni. A wani ƙauye ina isa yara da manya suka fito suna kwaikwayon shara suna nuna ni. Na koma biyan kuɗi a gindin bishiya da bakin rijiya, har na ƙetare gada na shiga Kamaru da lalita kamar an matse lemo.

A wani gari can ciki na haɗu da mutumin da ya fi kowa cutata, kuma da Hausa ya yi. Ina tsaye a bakin kasuwa na rasa inda zan dosa, sai na ji an ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa, daga ina?" Hausa garau, ta farko a sati uku. Na ji kamar in rungume shi. Farar jallabiya gare shi da carbi. Ya ce ya san Maiduguri ciki da bai, har ya ambaci Fezzan da Limanti. Ya ce yana da fili mai katanga da ƙofar ƙarfe, zai ba ni kwana biyu a farashin ɗaya saboda zumunci. Na juye masa kusan duk abin da ya rage. Ya buɗe mini ƙofa, ya ce bari ya aiko da abinci.

Abincin da ya zo shi ne manyan motoci biyu da la'asar, da mai filin na gaskiya, wanda bai taɓa jin labarin wani mai farar jallabiya ba. Ya kore ni da shanuna kamar ɓarawo. Washegari dole na kai bijimi ɗaya kasuwa. Duk wanda ya zo sai ya wuce bijiman ya dafa Hamra ya ce wannan nawa. Na gaji da cewa ba ta sayarwa ba ce. Na sayar da ƙaramin bijimin a farashin da in Abba ya ji sai ciwonsa ya tashi.

Daga nan na bar babbar hanya. Ba dabara ba ce, tsoro ne da ƙin ganin mutane. Na bi wani ɗan burtali, ina kaffa-kaffa da gonakin masakwa, dawar rani da ke kore shar a baƙar ƙasa, don saniya ɗaya ta shiga an gama da ni. Wajen la'asar na hango wata 'yar gona a kan tudu. Kwana bakwai a wurin Jibrin sun buɗe mini ido: karan gonar sirara ne kamar tsinken tsire, ƙasar fara fat. Wata tsohuwa tana ɗaure kara ita kaɗai. Na yi sallama da Larabci, ta amsa da Kanuri.

"Wushe, wushe," na ce da sauri. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida iyaye a gida.

"Kai ɗan ina ne da bakin Yerwa a nan?" ta ce. Sunanta Ya Amsa.

Na ce mata ina neman wurin kwana, ba ni da kuɗi, amma ina da shanu takwas da suka wuni suna ci.

Ta dubi shanun, ta dube ni. "Ɗana, shekara shida rabon gonar nan da saniya. Ayari ba ya hawowa nan. Gonar ƙarama ce, ni kuma ba ni da hatsin ciyar da ƙarti bakwai. Ka san aikin kuwa?"

"Na sani, Ya Amsa. Da tsada na koya."

Da muka kafa turaku ta dama mini kunu, na ba ta labarin daro. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, tana dukan cinya tana cewa, "Ka share! Wayyo ni, ya share!" Ban ji haushi ba. Rabona da in zauna da wanda ke jin duk abin da na faɗa har na manta. Na gaya mata labarin Abba, da ƙofar da yake fuskanta. Na tashi na gwada kiran Hamra don ta gani.

"Ai ba za ta zo ba," in ji Ya Amsa. "Kana kiranta kamar mai tsayar da mota."

Da safe ta zagaya inda shanu suka kwana tana sa albarka. Na ga a idonta tana so in ƙara kwana, ni ma na san dare ɗaya bai ishi gonar ba. Na buɗe baki zan yi magana ta riga ni.

"Tashi ka tafi, mahaifinka yana jira. Ka bi nan ka miƙe, kafin la'asar za ka ga ƙauye mai giginya biyu. Ka tambayi Ya Kaltum, matar marigayi yayana. Tata gonar ta fi tawa yunwa. Ka ce ni na aiko ka."

Haka na ƙarasa Kamaru. Ya Kaltum ta tura ni wurin wani makaho da 'yarsa ke yi wa noma, shi kuma ya tura ni wurin wata gwauruwa mai gonar da ba ta fi tsakar gidanmu biyu ba. Kwana biyar ban sake ciro kuɗi don wurin kwana ba. Manyan ayari suna can bakin titi suna ciniki da masu manyan gonaki, ni ina bin gonakin da kowa ya raina, ana tarbata kamar wani babban baƙo. Kunu ne da tuwo ba nama, wani wurin ma gyaɗa ce kawai, amma ban kwana da yunwa ba, shanuna ma haka.

A Gamboru, bakin iyakar Najeriya, na samu mota. Muka yi kwana biyu muna jiran a tara motoci a tafi da rakiyar sojoji, ni ina zagaye motar kamar kazar da za ta yi ƙwai. Falmata ta ce Abba ya kwana goma bai furta komai ba. Ban ƙara ce mata mun kusa ba, na ce ta gaya masa a kunne cewa mun shigo Najeriya.

Mun isa Maiduguri ranar wata Talata da azahar. Na bar bijiman a hannun wani abokin Abba a kasuwar shanu, na ja Hamra a ƙasa har Fezzan. Masu Keke Napep suna mini hon, mata suna leƙowa ta ƙofa. Wani maƙwabcinmu ya ce, "Jidda, kai ne ka koma haka? Layya ai da saura!" Ban tsaya ba. A ƙofar gidanmu aka yi fama, don ba a gina ta domin mai ƙaho ba. Sai da na karkatar mata da kai, ƙaho ɗaya ya shiga sannan ɗayan. Tana taka siminti santsi ya ɗebe ta, ta turje a tsakiyar gida, ƙafafu a warware, tana huci.

Aka fito da Abba a kan tabarma aka jingina shi da bango. Na kusa kasa gane shi, ya zama ƙashi da ido. Na durƙusa na ce, "Abba, ga ta." Bai dube ni ba. Idonsa yana kanta, yana bi daga ƙaho zuwa tozo zuwa ƙafa, yadda yake yi a kasuwa. Na ja igiya don in matso da ita ta ƙi. Na yi kiran, a gaban Hajja da Falmata da maƙwabta, ko kallo ban ishe ta ba.

Sai na ji wani sauti a bayana. Abba ne. Daga maƙogwaro ya fito, can ƙasa, inda ciwon bai kai ba. Ya ja shi, ya ja shi, jijiyoyin wuyansa suka tashi, sannan ya sauke sunan a ƙarshe. Shekara kusan sittin rabonsa da yin wannan kiran.

Hamra ta daina huci. Kunnuwanta suka juya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ta ɗora a kan simintin da take tsoro, ta ɗaga ta biyu. Na saki igiyar. Ta taka har bakin tabarma, ta sunkuyar da kai ta shinshina hannunsa mai lafiya, shi kuma ya cusa yatsunsa a bayan kunnenta. Falmata ta rufe fuska da mayafi.

Ana cikin haka Hamra ta ɗaga wutsiya ta yi abin da shanu ke yi, a tsakiyar simintin Hajja, taku biyu daga tabarmar mara lafiya. Hajja ta ce "Subhanallahi," ta rarumo tsintsiya da abin kwasa. Ta sunkuya ke nan Abba ya yi magana, garau, kowa ya ji.

"Bari."

Hajja ta tsaya da tsintsiya a hannu. Abba ya lumshe ido ya ja numfashi mai tsawo ta hanci, ya sake ja, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye. Matar da ta yi shekara arba'in tana share wannan tsakar gida sau uku a rana ta jingina tsintsiyar da bango, ta zauna a ƙasa kusa da shi.

Kwana tara ya yi bayan nan. Kullum da safe a fito da shi, ya sha kununsa hannunsa yana kan wuyanta. Ranar Alhamis bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an yi bakwai maganar da ta kori Hamra ta farko ta dawo: ba ta da wurin tsayuwa a birni. Duk wanda ke da fili a cikin gari kuɗin wata yake nema. Na hau mota na tafi Khaddamari, wani gari a wajen Maiduguri, na wuce manyan gonaki, na yi ta tafiya ina duban kara har na ga wanda ya fi kowanne siranta. Mai gonar wani dattijo ne da 'ya'yansa suka watse. Ban gama bayani ba ya shiga neman turke.

Can take har yau. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je. Nakan tsaya daga bakin gona in yi kiran yadda na ji Abba ya yi, ba ta ɗagowa. Muryoyi biyu take amsawa, ɗaya tana bayan iyaka biyu, ɗayar tana maƙabarta. Sai in ƙarasa in zauna kusa da ita har rana ta yi sanyi, sannan in tumɓuke turken in matsar da shi gaba kaɗan, in kama hanyar gida.